Shari'o'in Rumfar Ɗinki

Mahaifina tela ne, kuma bai yi boko ba. Ajami yake karantawa, da shi yake rubuta awon mutane da alli a jikin bangon rumfa, amma takardar boko sai an karanta masa. Saboda haka tun da na iya haɗa baƙi a firamare aka ɗora mini aiki biyu, sa maɓalli da rana, karatu da yamma. In an sauko daga sallar la'asar, kekuna sun ɗan lafa, sai Baba ya ce, "Kai, ɗauko mana littafin nan naka." Masu sauraro su ne yaran shago, da abokan Baba da ba a raba su da bencin ƙofa, da duk wanda ya zo karɓar ɗinki aka ce masa ya ɗan dakata. Wajen 1976 ke nan, shekarar da aka fara shirin UPE, lokacin da 'ya'yan talakawa suka cika azuzuwa har wasu na zama a ƙasa.

Daga akwatin makaranta nake aro littattafan, bugun kamfanin NNPC na Zariya, bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na nishaɗi ne a wurinmu, a yi dariyar Malam Zurƙe a watse. Wanda ya mai da rumfar Baba kotu shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar ɗin da suka fito bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933.

Wanda ya karanta ya san labarin. Malam Shehu attajiri ne da Allah bai ba haihuwa ba. Ya ɗora ido a kan Zainabu, alhali gari ya san Abubakar ke nemanta. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura da mai kuɗi. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya sha wuya iri-iri, ya samo. Sai dai bai sauke shi a kan Malam Shehu ba, a kan Kyauta ya sauke, ɗan da Zainabu ta haifa. Yaro ya tashi ɓarawo, ya gagari kowa, a ƙarshe ya zama ajalin ubansa ba tare da ya san shi ne ba.

Ranar da muka kai ƙarshe ba a ƙara taka keke ba sai bayan magariba. Babban yaron shago, wanda shi ma a lokacin yake tara kuɗin aure kwabo-kwabo, ya ce Abubakar ya yi daidai, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Wani abokin Baba ya ce laifin na iyayen yarinya ne da suka ga kuɗi suka manta alkawari. Wani ya ce ai da alƙali a gari, me ya kai mutum daji. Nan aka bushe da dariya, wani mahauci ya tambaye shi ko ya taɓa ganin talaka ya kai attajiri ƙara ya kwana a gidansa. Baba dai yana ta warware wani ɗinki da reza, bai ce komai ba, sai da hayaniya ta kwanta ya ɗago ya ce, "Duk na ji. To shi yaron fa, me ya ci musu?"

Ba wanda ya amsa. Ni ma shekara da shekaru nake juya tambayar nan. Abin da na gane a kanta shi ne littafin ba wa'azin barin ramuwa kaɗai yake yi ba. Yana nuna abin da ke faruwa in an cuci mutum aka kuma toshe masa kowace ƙofa ta kai kuka. Hannunsa ba ya kaiwa ga wanda ya cuce shi, sai ya lalubi wanda ya fi shi rauni. Na ga haka a gidaje, na gan shi a aji, na gan shi a tituna ranar tarzoma, inda ake ƙone rumfar mai shayi saboda laifin mai mulki.

Shaihu Umar kuwa shiru ya kawo. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin makaranta a Bauchi ya rubuta shi, ya fito a 1934, shekara biyu kafin dokar 1936 da ta kawo ƙarshen bauta a Arewa a hukumance. Wato masu karatunsa na farko sun san bayi ido da ido, wasu a gidajensu suke. Da na zo inda fadawa suka ƙulla wa ɗan'uwansu Makau sharri aka kore shi daga Kagara, sai aka yi ta tsaki, don kowa ya san irin wannan fada. Amma da aka shiga labarin uwar Umar, wadda ta bar gida neman ɗanta ita ma ta faɗa hannun masu cinikin mutane, aka keta Sahara da ita, ba ta sake ganinsa ba sai tana gab da barin duniya, sai rumfa ta yi tsit. Akwai wani dattijo mai ɗinkin hula da ke zama a gefe. Ya ajiye allurarsa ya ce wa Baba, "Kakata ma haka aka zo da ita. Har ta rasu ba ta san sunan garinsu ba." Ban taɓa jin ya yi wannan magana ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba.

Na sha jin masana suna cewa littafin bai fito fili ya la'anci bauta ba, haƙuri da tawakkali kawai ya koyar. Akwai gaskiya a ciki. Umar ya ƙare babban malami a Rauta, ba a kama kowa ba, ba a biya kowa diyya ba. Amma ni wannan ɗin ne nake girmamawa. Marubucin bai yi mana ƙaryar cewa an rama wa matar nan ba, domin ba a rama wa irinta ba. Ya dai sa ta a tsakiyar labari, ya ba ta zuciyar uwa, ta yadda wanda ya saurara ba zai ƙara jin an ce baiwa ya ɗauka kaya ake nufi ba. A zamanin da aka rubuta shi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma wani adabin a rumfar da ba ni nake kawo shi ba, a kan Baba yake. Ɗan NEPU ne tun yana saurayi, kamar yawancin teloli da mahauta da 'yan koli na zamaninsa. In ɗinki ya yi daɗi sai ka ji yana rera waƙoƙin Sawaba ƙasa-ƙasa, ƙafarsa na bin amon waƙar a kan keke. A bakinsa na fara jin sunan Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, da na Gambo Hawaja. Ba a koya mana su a makaranta, kuma a lokacin sojoji ke mulki, siyasa a rufe take, shi ya sa yake sassauta murya in baƙo ya shigo.

Waɗannan waƙoƙi sun sha bamban da littattafaina. A labari, in an yi zalunci, ƙaddara ake jira ta yi hukunci, ko a bar wa lahira. Su kuwa waƙoƙin suna kiran abin da sunansa, haraji da jangali da aikin tilas da gaisuwar da ake kai wa alƙali da bulalar ɗan doka, kuma suna cewa a daina yanzu, tun muna da rai. Ba neman tausayi suke yi ba, tuhuma suke yi. Kawuna, ƙanen Inna, ya san farashin wannan. An taɓa ɗaure shi wata da watanni saboda an yi lacca a kasuwa ba da izini ba, shi ne ya ba da waƙa. In ya tuɓe riga zai yi wanka a bakin rijiya muna ganin shatar bulala a bayansa. Ba ya ba da labarin, Inna ce ta ba mu. Abin da yake yawan faɗi kawai shi ne su ba su zo da sabon abu ba, Shehu Usmanu ya riga su. Daga baya na tarar da gaskiyarsa, don a Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa jangali da gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka cikin ɗabi'un mulkin da ya yi wa tawaye, kuma waƙarsa Tabbat Haƙiƙa, wadda Nana Asma'u ta mayar da Hausa, gargaɗi ce mai zafi ga masu mulki da alƙalai. Makafi na rera ta a ƙofar gidaje, mu muna ɗauka bara ce kawai.

Da na shiga kwalejin horon malamai aka koya mana Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur, inda yake jan kunnen sarakuna su gyara kafin abin da ya sami sarakunan Indiya ya same su. Na zo hutu ina ta zuba bayani. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce ai Mudi Sipikin ya ba da amsa da Arewa Jumhuriya Kawai. "Malam Sa'adu shawara yake ba su," in ji shi. "Mudi ya gaji da shawara." Har yau ban ji sharhin da ya fi wannan taƙaita waƙoƙin biyu ba. Kuma har yau ina ganin rashi ne a koya wa yaro ta farko a ɓoye masa ta biyu, don muhawara ce tsakanin mutum biyu da ke gida ɗaya, kuma rabinta ba ya isa.

Sai 1979 ta zo. Jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kawu ya yanka zakara ya raba wa maƙwabta, yana cewa waƙa ta zama doka. Farin cikin bai daɗe ba. A watan Afrilun 1980 aka buɗe wa manoman Bakolori wuta saboda sun tsaya a kan diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. A watan Yunin 1981 aka tsige Balarabe Musa, a watan Yuli aka kashe Dokta Bala Muhammad a Kano. Jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, har abokan Baba da suka sha ɗauri tare suka daina zama a benci ɗaya. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilun 1983, kafin shekara ta fita soja ya dawo.

A tsakiyar wannan ne, a 1982, littattafan gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya suka iso hannunmu a ɗakin kwanan ɗalibai. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya girgiza mu, domin azzalumin cikinsa ba hakimi ba ne, ba dogari ba ne. Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne mai kuɗi, mai mutane a ofisoshi, irin wanda ake yi wa kirari a gidan biki. Irinsa muke gani a garuruwanmu tun da kuɗin man fetur suka shigo. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya kawo Mailoma da bindigogin da suka bazu bayan yaƙin basasa, ya nuna yadda wanda aka taka yake iya zama abin tsoro ga kowa. Littafin da ya biyo baya na Sulaiman Ibrahim Katsina, Tura Ta Kai Bango, siyasar talakawa ce ƙarara.

Abin da ya fi tsaya mana a Turmin Danya shi ne ma'aikacin kwastan ɗin da ya ƙi a saye shi. Mu duka 'ya'yan manoma da masu sana'a ne, saura kaɗan mu fara ɗaukar albashi, kuma kowa da dangi a bayansa suna jira. A rumfar Baba mu alƙalai ne, muna yanke wa mutanen labari hukunci muna shan iska. A nan kuwa littafi ne ya juyo yana tambayarmu, kai fa, ran da aka turo maka ambulan, uwarka na kwance asibiti? Mun raba dare muna gardama. Wasu suka ce irin wannan ma'aikaci a takarda kawai yake rayuwa, a zahiri canjin wurin aiki za a yi masa zuwa ƙauyen da ba hanya. Wani abokina mai sanyin magana ya ce ko da haka ne, gara a san akwai shi, don ran da mutum zai karɓa ya san ya karɓa ne, kada ya ce kowa ma haka yake. Na riƙe wannan magana, ta yi mini amfani a aikin koyarwa fiye da darussa da yawa da aka ba mu jarrabawa a kansu.

Baba bai ga littafin da ya fi shiga gidanmu ba, ya riga mu gidan gaskiya kafin a rubuta shi. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, 'ya'yansu tara, tana ta cuɗa da ɗan abin da yake bayarwa na cefane wanda ba ya isa. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuwa gobarar kasuwa ta cinye shagonsa, Delu ta juya masa baya, manya suka taru suka matsa wa Rabi ta koma.

A daidai wannan lokaci yayata ta dawo gida da saki da yara a gaba da baya. Shekarunta da yawa a gidan mijin, da ita aka tara abin da aka tara, don kuɗin adashenta ne jarinsa na farko. Da arziki ya zauna sai ya ga ta tsufa. Ba ta gama makaranta ba, an cire ta tun tana ƙarama aka yi mata aure, irin abin da Balaraba ta ba da labarinsa a Wa Zai Auri Jahila? Wata maƙwabciya ce ta kawo mata littafin daga wurin masu ba da haya, ta ce a karanta mata. Da daddare bayan yara sun yi barci nake zama a bakin ƙofar ɗakin Inna in karanta, ita tana tsinkar zogale ko tana gyaran wake na sana'ar gobe. Wani lokaci sai ta ce, "Auta, maimaita nan." In na maimaita sai ta ce, "Wallahi kamar tana ɗakina."

Wannan ne ya sa ban taɓa yarda da masu raina waɗannan littattafai ba, waɗanda aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Na san akwai na banza a cikinsu, akwai masu kurakuran rubutu a kowane shafi, akwai waɗanda ba abin da ke ciki sai motoci da leshi. Amma a cikinsu ne mata suka fara shigar da ƙarar auren dole da sakin wulaƙanci da hana karatu da bakinsu, ba wani ya ara musu murya ba. 'Yan NEPU sun tuhumi fada da kotu, amma kaɗan ne daga cikinsu suka leƙa tsakar gidajensu, in ka ɗebe Malam Aminu da irin su Gambo Sawaba. Da na ji a 2007 an tara irin waɗannan littattafai an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya kunna ashanar bai taɓa zama ya ga fuskar macen da ta ji an faɗi damuwarta a fili karon farko ba.

Ƙarshen littafin bai yi wa Yaya daɗi ba. Da muka zo gobara ban ga ta yi murna ba, da muka zo komen Rabi sai ta ture tiren waken gefe. Ta ce, "Ba komawa ta yi ba, mai da ita aka yi. Lokacin da yake da shi ba wanda ya tara manya dominta." Ina ganin abin da marubuciyar take so a ji ke nan. Ba ta shafa wa ƙarshen zuma ba, ta bar shi da ɗacinsa yadda yake a gidajenmu, don mai karatu ya ji haushin da ya kamata ya ji. Sai Yaya ta ƙara da maganar da ta fi wannan nauyi. "Ita gobara ta yi mata shari'a. Ni nawa mijin ga shi can yana ƙara shago. Sai in zauna jiran wuta?"

Inna ta ce ta bar wa Allah. Yaya ta ce ta bar masa, amma Allah bai hana ta neman abincin 'ya'yanta ba. Dangi suka ce abin kunya ne mace ta kai uban 'ya'yanta ƙara, za a ce ba ta da tarbiyya, kuma zai shafi auren 'yan matan nan gaba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mata da hankali, ta yi kwanaki tana auna shi, don ba ƙarya suka faɗa ba. Kawu ne kaɗai ya goyi bayanta daga farko. Ya tsufa a lokacin, idonsa ya fara rauni, amma ya ce in ta shirya shi zai raka ta, ya san hanyar kotu tun ba a haife ta ba.

Suka je, ni na rubuta mata takardar ƙara. Alƙali ya saurare ta, ya yanke wa mijin kuɗin ciyarwa da na makarantar yara duk wata. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma bayan ɗan lokaci ya fara tsallake wata, daga baya ya daina gaba ɗaya. Wasu daga cikin dangi suka ce ai ga shi nan, an zubar da mutunci a banza. Yaya ba ta tanka musu ba. Ta jira ranar da ba kasuwa, ta ɗauki mayafinta, ta aika yaro ya gaya wa Kawu ya shirya, za su koma.